Girka Tsohuwar Manhaja a Sabuwar Kwamfuta: Misali Daga Zangon Lome

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya daɗe yana rubutun Hausa da kwamfuta, da wuya a ce bai taɓa cin karo da wannan matsala ba. Ga tsohon faifai ɗauke da manhajar da aka saba aiki da ita, ga kuma sabuwar na'ura, amma da zarar an ce a haɗa su sai na'urar ta turje, ta fito da saƙo cewa wannan manhaja ba za ta yi aiki a kanta ba. Wani lokaci kuma manhajar takan hau lafiya lau, sai an buɗe rubutun a tarar ƙasa ta koma qasa, ɗalibi ya koma xalibi. Wannan takarda za ta yi bayanin abin da ke haddasa hakan da hanyoyin da ake bi a shawo kansa. An ɗauko misali daga birnin Lome na ƙasar Togo, saboda ta tasharsa ta jiragen ruwa kwamfutoci ke shigowa yankin, kuma a can Hausa take zaune kafaɗa da kafaɗa da Faransanci da harshen Ewe, abin da ke ƙara wa matsalar haruffa wani sarƙaƙiya da ba a cika gani a Kano ko Sakkwato ba.

Kafin a yi nisa, ya kamata ɗalibi ya lura da kalmomi biyu. Kalmar manhaja daga Larabci Hausa ta aro ta, kuma da farko tsarin karatun makaranta take nufi. Daga baya aka faɗaɗa ma'anarta ta ƙunshi jerin umarnin da kwamfuta ke bi ta yi wani aiki. Wadda ke riƙe da na'urar gaba ɗaya, irin su Windows, ita ce za a kira babbar manhaja a nan. Kalmar girka kuwa ita ce dai ta girka tukunya a murhu. Masu gyara sun fi cewa ɗora ko saka, kuma duk abu ɗaya ne.

2.0 Tashar Lome da Zango

An ƙaddamar da tashar jiragen ruwa ta Lome a shekarar 1968. Tasha ce mai zurfin ruwa, kuma tun da aka buɗe sabon sashen kwantenoni a 2014 manyan jirage suke iya tsayawa a cikinta. Ba Togo kaɗai take yi wa aiki ba, ta nan kayan Burkina Faso da Mali da Nijar suke bi su nufi arewa. Da aka rufe iyakar Nijar da Benin a 2023, kaya masu yawa da a da suke bi ta Kwatano sun karkato ta Lome.

Fatake Hausawa sun zauna a Lome tun ƙarshen ƙarni na 19, suna cinikin shanu da goro da sauran kayayyaki, kuma unguwarsu ita ce Zango, wadda mutanen gari ke kira Zongo. A 1977 hukuma ta rushe tsohon Zango da ke tsakiyar birni, aka mayar da mutanensa wani wuri mai nisan kusan kilomita 15 arewa da gari, a gefen babbar hanyar da motocin kaya ke bi zuwa arewa. Bafaranshen nan masanin zamantakewa, Michel Agier, ya wallafa littafi a kan 'yan kasuwar wannan unguwa a 1983. Hausa ita ce harshen hulɗa a Zango, har ga waɗanda ba Hausawa ba ne.

Abin da ya shafi wannan takarda shi ne irin kwamfutar da ke isa hannun mutumin Zango. Sau da yawa ta hannu ce, wadda wani ofishi a Turai ya gama yayinta. Idan daga Faransa ta fito, madannanta na tsarin AZERTY ne, kuma Windows ɗin da ke kanta da Faransanci yake magana. Saboda haka idan an ce sabuwa a nan, ana nufin ta girmi manhajar da ake son ɗora mata a zamani, ba wai yanzu ta fito daga masana'anta ba.

A ƙaddara wani malami a Zango yana da darussan Hausa da jerin kalmomi da aka buga masa wajen shekarar 2000, a kwamfuta mai Windows 98. Waccan na'ura ta mutu tuni. Abin da ya rage masa shi ne faifan CD na manhajar da aka yi aikin da ita, da kwafin fayilolin. Yanzu ya sami laftof mai Windows 11. Da shi za a riƙa auna bayanin da ke tafe.

3.0 Dalilan da Suke Sa Manhaja Ta Ƙi Hawa

Kuskuren da aka fi yi shi ne ɗaukar duk wani saƙon ƙi a matsayin cuta ɗaya. Ba haka ba ne. Akwai ƙin da wasa ne, akwai wanda ba shi da magani sai an canja dabara gaba ɗaya, kuma wanda bai rarrabe su ba zai ɓata yini guda yana danne-danne a banza.

Mafi sauƙi shi ne na tambayar lamba. Kowane Windows yana da lambar da yake amsawa da ita a ciki, wadda ta sha bamban da sunan da ke jikin kwali. Windows XP na 2001 lambarsa 5.1 ce, Vista na 2007 kuma 6.0, shi kuwa Windows 7 na 2009, duk da sunansa, 6.1 ne. Kamfanin Microsoft da gangan ya yi haka domin kada manhajojin da aka rubuta wa Vista su firgita. Tsohuwar manhaja takan tambayi na'ura lambarta kafin ta hau. Idan wanda ya rubuta ta ya ce kada ta yarda da kowa sai mai lamba kaza, to ko da sabon Windows zai iya ɗaukarta sai ta ƙi, kamar mai gadin da aka ce kada ya buɗe wa kowa ƙofa sai mai farar hula, ranar da maigidan ya sa ja sai ya hana shi shiga gidansa.

Na biyu shi ne na izini. A zamanin Windows 95 da 98, manhaja tana iya rubuta abin da ta ga dama a duk inda ta ga dama cikin na'ura. Daga Vista aka tsaurara, aka hana manhaja taɓa jakar Windows da jakar da ake ajiye manhajoji sai da izinin mai gudanar da na'urar. Tsohuwar manhajar da ta saba ajiye bayananta a gefen kanta sai ta cije. A wasu lokuta Windows yakan lallaɓa ta, ya karkatar da abin da ta rubuta zuwa wata ɓoyayyiyar jaka mai suna VirtualStore ba tare da ta sani ba. Wannan yana da kyau, sai dai shi ne dalilin da ya sa mutum kan ajiye aiki ya zo nema ya rasa inda ya shiga.

Na uku shi ne babba, kuma a nan ya kamata a tsaya. Masarrafin kwamfuta, wato ƙwaƙwalwar da ke yin lissafi, yana ɗibar bayani ne da wani ma'auni da ake kira bit. Manhajojin MS-DOS da na Windows 3.1 na 1992 masu bit 16 ne. Windows 95 ya kawo zamanin bit 32. A 2003 kamfanin AMD ya fito da masarrafi mai bit 64 na kwamfutocin gida da ofis, sannu a hankali kowa ya koma can. To, Windows mai bit 32 yana da wani sashe mai suna NTVDM da ke karɓar baƙuncin manhajar bit 16. Windows mai bit 64 kuwa yana karɓar ta bit 32, amma ba shi da masaukin ta bit 16 ko kaɗan. Wato kowane zamani yana jin yaren ubansa, ba ya jin na kakansa. Windows 10 na 2015 shi ne na ƙarshe da aka yi wa nau'i mai bit 32. Windows 11, wanda ya fito a 2021, mai bit 64 ne kawai. Ke nan idan manhajar malamin Zango ta bit 16 ce, babu wani maɓalli a cikin Windows 11 da zai danna ta tashi.

Akwai wani tarko a nan da ke ruɗa har masu gyara. Manhajoji da yawa na ƙarshen shekarun 1990 su kansu masu bit 32 ne, amma ɗan shirin da ke girka su, wanda galibi ake kira setup.exe, mai bit 16 ne. Windows ya san wasu sanannu daga cikin irin waɗannan shirye-shirye, yakan musanya su da kansa, amma ba duka ba. Sai a ga saƙon ƙi a ɗauka manhajar ce ta tsufa, alhali ɗan rakiyarta ne aka tare a ƙofa.

Sauran dalilan ba sa buƙatar dogon bayani. Tsohuwar firinta ko sikana tana aiki ne da wata 'yar manhaja da ake kira direba, kuma Windows mai bit 64 ba ya karɓar direban bit 32, ba ya kuma karɓar wanda ba shi da sa hannun da aka tantance. Fayilolin taimako masu ƙarewa da .hlp an daina zuwa da abin buɗe su tun daga Vista, a Windows 10 kuma aka yanke shi gaba ɗaya. Masu kwamfutar Apple ma ba su tsira ba, domin tsarin Catalina na 2019 ya kori duk manhajar bit 32.

3.1 Hanyoyin Shawo Kai

Ana farawa ne da mai arha. A danna maɓallin dama na maus a kan fayil ɗin girkawa, a shiga Properties, a zaɓi shafin Compatibility. A na'urar da ta zo daga Faransa za a ga Propriétés da Compatibilité. Wannan shi ne tsarin jituwa. A nan ake gaya wa Windows ya yi shigar XP ko 98, a kuma ba manhajar izinin mai gudanarwa. Abin da tsarin jituwa ke yi, a gaskiyar magana, ƙarya ce mai amfani: idan manhaja ta tambayi lamba sai a ba ta wadda take son ji, a kuma kwaikwayi wasu tsofaffin halaye. Yana maganin dalili na farko da na biyu. Ba ya taɓa na uku. Haka kuma yana da kyau a girka tsohuwar manhaja a wata jaka ta daban mai gajeren suna, wanda ba shi da tazara ko harafi mai alama a ka, domin manhajar da ta taso a zamanin sunaye masu harafi takwas takan rikice da suna irin na Faransanci.

Idan ɗan shirin girkawa ne matsalar, akan girka manhajar a wata tsohuwar na'ura, sannan a kwafo jakarta ɗungurungum a filash. Ƙananan manhajoji sukan tashi a haka. Manya, waɗanda ke shuka bayanansu a sassa daban-daban na Windows, ba su cika yarda ba.

Ga manhajar bit 16 kuwa sai an nemo mata tafinta. DOSBox, wadda ta fara fitowa a 2002, tana kwaikwayon kwamfutar zamanin MS-DOS. Domin wasanni aka yi ta, amma tana tayar da manhajar rubutu, illa dai ba a dogara da ita wajen buga takarda. Akwai kuma winevdm, wadda wasu ke kira OTVDM, da ke tayar da manhajar Windows 3.1 a kan Windows mai bit 64. Dukkansu kyauta ne.

Hanyar da ta fi tabbas ita ce gina kwamfuta a cikin kwamfuta. Manhaja irin VirtualBox takan yanki wani kaso na ƙarfin na'ura ta mayar da shi wata na'ura ta daban, a girka mata Windows XP ko 98, tsohuwar manhaja ta zauna a ciki kamar ba a yi komai ba. Microsoft da kansa ya taɓa bayar da irin wannan da sunan XP Mode a wasu nau'o'in Windows 7. Abu biyu ne abin lura. Na farko, sai an kunna wannan dama a saitin BIOS, kuma akan tarar da ita a kashe a wasu na'urorin. Na biyu, kada a haɗa wannan na'ura ta ciki da intanet. An daina yi wa XP gyaran tsaro tun 8 ga Afrilu, 2014, Windows 7 kuma tun 14 ga Janairu, 2020. Cutar kwamfuta mai suna WannaCry, wadda a watan Mayu na 2017 ta kulle na'urori a ƙasashe kimanin 150, har da na asibitocin Ingila, ta wata kafa ta shiga da ke cikin Windows ɗin da ba a yi wa gyara ba. Shi kansa Windows 10 an rufe tallafinsa na gama-gari ranar 14 ga Oktoba, 2025.

Saboda wannan dalili, shawarar da wasu masu gyara ke bayarwa, cewa a goge sabon Windows a mayar da na'urar kan tsoho, gurguwar shawara ce. Sabuwar na'ura ba ta da direbobin XP, sannan an sayar da tsaron gida gaba ɗaya domin baƙo ɗaya.

4.0 Haruffa Masu Ƙugiya

A ce duk wannan ya yiwu, manhaja ta tashi, malamin ya buɗe fayil ɗinsa. Ga ɗalibin harshe, yanzu ne aka zo wurin aikin.

Tun shekarun 1930 rubutun boko ya karɓi ɓ da ɗ da ƙ, a Nijar kuma ana ƙarawa da ƴ inda Nijeriya ke rubuta 'y. Amma kwamfuta ba harafi take ajiyewa ba, lamba take ajiyewa. Zubin haruffa, abin da masu buga takardu ke kira fon, shi ne ke cewa lamba kaza a zana ta da siffa kaza. A tsohon tsari gurabe 256 ne kacal, kuma Turanci da harsunan Yammacin Turai sun riga sun cinye su. Babu gurbin ƙ. Dabarar da aka yi ita ce a ɗauki gurbin wani harafi ko alama da Hausa ba ta cika buƙata ba, a goge siffarsa a zana mai ƙugiya a wurin. A Kano, Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero ya ƙirƙiro zubin Rabi'at da na Abdalla a shekarun 1990, kuma irin waɗannan zubi sun yi wa marubuta da maɗaba'u da sassan Hausa na jami'o'i aiki mai yawa a lokacin da babu wata mafita. Bai kamata a raina wannan ƙoƙari ba.

Sai dai dabarar tana da farashi. Siffa ce aka canja, lambar tana nan yadda take. Mai rubutu yana ganin ƙ, kwamfuta tana ajiye q. Muddin zubin yana kan na'ura, komai daidai. Ranar da aka kai fayil ɗin inda babu shi, sai asiri ya tonu. Salo biyu ne aka fi cin karo da su a tsofaffin rubuce-rubucen Hausa. A ɗaya, q tana madadin ƙ, x tana madadin ɗ, v tana madadin ɓ, sai a ga qasa da xaya da vangare. A ɗayan kuma alamomin baka aka yi amfani da su, sai a ga }asa da ]aya da ~angare. Duk ɗalibin da ya taɓa sauko da tsohon kundin digiri daga intanet ya san su.

Maganin gaggawa shi ne a nemo tsohon zubin a girka. Wannan ba shi da wuya, domin zubin TrueType na shekarun 1990 har yanzu yana hawa Windows 11. Amma rufa-rufa ce. Rubutun zai yi kyau a ido, a takarda, har a PDF, amma wanda ya nemi kalmar ƙasa a ciki ba zai same ta ba, wanda ya kwafi jimla ya aika ta waya qasa za ta isa, jerin kalmomi kuma ba zai jeru bisa abacada ba.

Maganin dindindin shi ne Unicode, tsarin da ya fara fitowa a 1991 da nufin ba kowane harafi na kowane harshe lambarsa ta kansa. A cikinsa ƙ ita ce 0199, Ƙ 0198, ɗ 0257, Ɗ 018A, ɓ 0253, Ɓ 0181, ƴ 01B4, Ƴ kuma 01B3. Lambobin sun daɗe da samuwa, abin da ya yi jinkiri shi ne zubin da ke ɗauke da siffofin da kuma madannan da za a buga su. Yau wannan ya wuce. Times New Roman da Arial na Windows suna da su, ƙungiyar SIL ta fitar da Doulos da Charis da Andika kyauta, Windows yana zuwa da tsarin madannan Hausa, ga kuma Keyman ga mai son wani tsari. Ko babu ɗaya daga ciki, a Word idan aka rubuta 0199 aka danna Alt da X tare, ƙ za ta fito.

Aikin da ke gaban malamin ke nan shi ne juya lambobin, wato duk q ta zama ƙ ta gaskiya. Umarnin nema da musanyawa na Word zai yi wannan cikin minti ɗaya, kuma a nan ne ake yin ɓarna. Na'ura ba ta san Hausa da wani harshe ba, duk v da ta gani ɓ ce. A Kano ɓarnar kan tsaya ga lambobin Romawa da sunayen Turawa, shi ya sa ake ganin shafi na xiv ya koma ɗiɓ a wasu kundaye. A Lome abin ya fi haka, domin rubutun Bahaushen Togo cike yake da sunaye da kalmomin Faransanci da na Ewe. Garin Tsévié zai koma Tséɓié, Vogan ya koma Ɓogan, kalmar quartier ta koma ƙuartier, shi kansa Windows XP ya zama ƊP. Saboda haka ba a danna musanya duka sai an fara ware kalmomin da ba na Hausa ba. Idan mai bugun farko ya sa su a wani zubi daban, kamar yadda dole ta sa da yawa suka yi, to an huta, sai a umarci Word ya musanya abin da ke cikin tsohon zubin Hausa kawai. Idan bai yi ba, sai a bi su ɗaya bayan ɗaya. Dole ne kuma a kunna zaɓin bambanta babban baƙi da ƙarami, a yi kowanne daban, in ba haka ba Ƙ da ƙ za su cakuɗe. Mai fayiloli da yawa zai iya amfani da SIL Converters, inda ake rubuta teburin musanya sau ɗaya a yi ta aiki da shi.

Akwai wani abu da ya keɓanta da Togo. Harshen Ewe, wanda ya fi rinjaye a kudancin ƙasar, da Kabiye na arewa, suna da harafin ɖ, mai jela a ƙasa. Lambarsa 0256, maƙwabciyar ɗ ta Hausa mai ƙugiya a sama, 0257. Sautinsu ba ɗaya ba ne, amma a ƙaramin rubutu ido yakan ruɗe. Mai shagon buga takardu a Lome wanda ya saba da Ewe, idan aka kawo masa Hausa, abin da ke kusa da hannunsa shi ne ɖ. Sai a sami ɖan a madadin ɗan, kuma mai neman kalmar ba zai gan ta ba har abada. Babban baƙinsu ma daban ne: Ɖ na Ewe, Ɗ na Hausa.

5.0 Tsarin Aiki

Daga abin da ya gabata za a ga cewa tsohuwar manhaja jirgin fito ce, ana shigarta ne domin a tsallako da rubutu. Saboda haka tambayar farko ita ce ko ana ma buƙatarta. Sau da yawa ba a buƙata. LibreOffice, wadda kyauta ce, tana buɗe fayilolin WordPerfect da na tsohon Word. Shi ma Word na yanzu yakan toshe fayilolin nau'o'insa na farko ne saboda tsaro, kuma ana iya ɗage toshiyar a saitinsa. Masu aikin ƙamus da suka yi amfani da Shoebox ta SIL sun fi kowa sa'a, domin fayilolinta tsurar rubutu ne, kowane layi da 'yar alamarsa a gaba, kamar \lx ga kalma. Toolbox da ta gaje ta tana karanta su, FieldWorks tana shigo da su, ko Notepad ma yana buɗe su. Fayil ɗin da ya fi kowanne rashin ado shi ya fi daɗewa.

Kafin a taɓa komai, a yi kwafi biyu na asalin fayilolin, a ajiye ɗaya inda hannu ba zai kai ba, tare da kwafin tsohon zubin haruffan, domin shi ne mabuɗin sanin wace alama ce ke madadin wane harafi. Idan a filofi suke, a gaggauta. Kamfanin Sony ya daina yin filofi a 2011, waɗanda suka rage kuma danshin bakin teku irin na Lome ba ya raga musu. Ana samun abin karanta filofi da na CD masu shiga ta USB. Faifan CD na manhajar ma gara a ɗauki hotonsa a fayil ɗin ISO, tunda VirtualBox tana karɓarsa kamar faifan gaske.

Bayan an juya haruffa akwai gwaji mai sauƙi. A zaɓi rubutun gaba ɗaya a mayar da shi Times New Roman. Idan ƙ da ɗ da ɓ sun tsaya, an juya su da gaske. Idan q ko } ta sake ɓullowa, akwai saura, kuma galibi a bayanan ƙasan shafi da kanun shafi da cikin akwatunan rubutu take ɓuya. Rubutun da aka yi wa alamar karin sauti da tsawon wasali, irin na darussan nahawu, yana buƙatar ƙarin dubawa, domin tsofaffin zubi sukan ba wasali mai alama biyu gurbi ɗaya, alhali a Unicode sau da yawa wasali ne da alamominsa a jere. Daga nan sai a ajiye kwafi biyu, ɗaya a docx, ɗaya tsurar rubutu a tsarin UTF-8.

Abu na ƙarshe da malamin zai yanke wa hukunci shi ne 'y da ƴ. Zango yana da masu karatu da suka taso da rubutun Nijeriya da waɗanda suka taso da na Nijar, kuma kowanne daidai ne a wurinsa. Abin da ba ya kyau shi ne cakuɗa su a fayil ɗaya. Wanda ya zaɓi 'y ya lura da Word, domin idan ya ga alamar a farkon kalma yakan ɗauka zance za a buɗe, sai ya juya ta baibai. Ana kashe wannan a cikin saitin gyaran kai-tsaye, kafin a fara bugu.